Fostar Bincike Ba Kundin Digiri Ba Ce

A kowane babban taron masana akwai wani sashe da ake jera alluna, kowane allo da fosta manne a jikinsa, ɗalibi ko matashin malami yana tsaye a gefe yana jiran wanda zai tsaya. Haka tsarin yake a Jami'ar Khartum, haka yake a Ahfad ta Omdurman, haka yake a Zariya da Kano. Lokacin duba fostoci yakan faɗo ne a hutun shan shayi, mutane riƙe da kofi, suna gaisawa da abokan da suka daɗe ba su gani ba, ido yana ratsa alluna da dama cikin 'yan mintuna. Wanda ya fahimci wannan yanayi ya fahimci rabin aikin. Mai kallon fosta a tsaye yake, cikin hayaniya, kuma bai yi wa kowa alkawarin karantawa ba. Don haka fosta mai kyau magana ɗaya take faɗa, ta faɗe ta yadda za a hango daga nesa, sauran bayanin kuma a bar wa bakin mai binciken. Yawancin fostocin da ake gani sun saɓa wa wannan, domin masu su sun ɗauko babi-babin kundinsu sun matse a takarda guda.

Zancen ya shafi Hausawa kai tsaye. Kafin yaƙin 2023, Khartum ta daɗe tana karɓar ɗalibai daga arewacin Nijeriya da Nijar, musamman a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ta fara a matsayin cibiyar Musulunci ta Afirka kafin ta zama jami'a a 1992, da Jami'ar Musulunci ta Omdurman, da makarantun likitanci masu zaman kansu. Ga kuma 'ya'yan Hausawan Sudan, jikokin alhazan ƙasa da mabiyan Mai Wurno, da ke karatu a Jami'ar Khartum, wadda tushenta ya koma Kwalejin Gordon ta 1902 kafin ta zama cikakkiyar jami'a a 1956. Ga ɗalibin likitanci ko haɗa magunguna ko aikin gona, da wuya a ba shi lasifika a karon farko. Allo ake ba shi. A gaban wannan allo ne wani farfesa daga wata ƙasa zai iya tsayawa, ya yi tambaya, ya karɓi adireshi, kuma daga irin wannan tsayuwa ake samun gurbin digiri na uku ko abokin aiki.

Girman takardar ne yake yaudarar mutane. Ma'aunin da aka fi nema shi ne A0, milimita 841 a faɗi da 1189 a tsawo, wato murabba'in mita ɗaya; wasu tarukan sukan nemi rabinsa, A1. Wanda ya saba da A4 in ya ga wannan fili sai ya ji wajibi ne ya cike shi. Amma mai karatu yana tsaye ne nesa da mita ɗaya zuwa biyu, kuma daga wannan tazara rubutun da girman haruffansa bai kai maki 24 ba azaba ne ga ido, kanun fosta kuwa yana bukatar maki 72 ko fiye. In aka bi wannan ma'auni, aka ware wa hotuna da jadawali kusan rabin fili, aka bar sarari tsakanin sassa, abin da zai rage ba zai ɗauki fiye da 'yan ɗaruruwan kalmomi ba. Ido da tazara ne suka yanke wannan hukunci, ba son ado ba.

A ɗauki misali daga fagen da Sudan ta yi fice a duniya. A 1991 Farfesa Ahmad Hasan Fahal ya kafa cibiyar binciken cutar maisitoma a Soba, ƙarƙashin Jami'ar Khartum. Cuta ce da ke shiga jiki ta rauni ƙarami irin sukar ƙaya, ta kumbura ƙafa a hankali ba tare da zafi sosai ba, ta huda fata tana fitar da ƙwayoyi kamar tsaba, har ta ci ƙashi a kai ga yanke ƙafar. Manoma da makiyayan Jazira da Sinnar da Farin Nilu ta fi kamawa. Ƙoƙarin wannan cibiya na cikin abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cutar a jerin cututtukan da aka yi watsi da su a 2016, kuma a nan aka fara gwajin maganin fosravuconazole a 2017. Yanzu a ce ɗaliba ta bi fayilolin marasa lafiya ta gano cewa waɗanda ke nesa da asibiti sun fi zuwa a makare. Tana iya sa wa fostarta kanu irin na kundi: nazari kan wasu dalilai masu alaƙa da zuwan masu maisitoma asibiti. Mai wucewa bai ƙaru da komai ba. Tana kuma iya rubuta sakamakon kansa da manyan haruffa: nisan asibiti yana sa masu maisitoma zuwa bayan ƙashi ya lalace. A ƙarƙashinsa hoto ɗaya na ƙafa, wanda aka ɗauka da izinin mai ita kuma ba fuska ba suna, sai jadawali ɗaya da ke nuna nisa a gefe guda da girman rauni a ɗaya gefen, da adadin mutanen da aka bincika a rubuce ɓaro-ɓaro. Likitan da ke wucewa ya riga ya tafi da saƙon ko bai tsaya ba, wanda ya tsaya kuma ya san tambayar da zai yi.

Malamai da yawa ba sa yarda da wannan, kuma hujjarsu tana da nauyi. Suna cewa kimiyya tana tsayuwa ne a kan hanyar da aka bi, wanda ya rage bayanin hanya ya buga sakamako da manyan haruffa ya koma ɗan talla. A 2019 wani ɗalibin ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, Mike Morrison, ya yaɗa wani salo da ke ba wa jimla ɗaya tsakiyar fosta gaba ɗaya, a tura sauran bayani gefe, kuma irin sukar da ya sha ke nan. A ganina masu sukar sun yi gaskiya a wuri ɗaya: jimla mai ƙarfi da ta fi ƙarfin hujjarta haɗari ce, musamman a likitanci. In mutum arba'in aka bincika a asibiti guda, kanun bai isa ya yi magana da sunan Sudan ba. Amma maganin wannan shi ne a auna jimlar, a sa adadi da iyakar binciken kusa da ita inda ido zai gani. Cika fosta da ƙananan rubutu ba ya kare gaskiya, domin hanyar binciken da aka rubuta da maki 14 a kusurwar ƙasa ba wanda zai karanta ta, balle ya gano kuskurenta. Layi huɗu bayyanannu a kan su wa aka bincika, a ina, yaushe, da wane ma'auni, sun fi jawo tambaya mai tsauri. Cikakken rahoto kuma a sa alamar QR da za ta kai mai waya gare shi.

Akwai matsalar da ɗalibin Khartum yake da ita wadda na Landan ba shi da ita. Tun 1990 aka mayar da koyarwa a yawancin jami'o'in Sudan zuwa Larabci, alhali mujallun kimiyya da tarukan waje da Turanci suke. Wasu sai su raba fosta gida biyu, kowane harshe da rabinsa. Larabci daga dama yake farawa, Turanci daga hagu, sai idon mai karatu ya rasa mafari, kuma rubutun ya ninka. Ya fi dacewa a zaɓi harshen taron, a ƙara kanu da taƙaitaccen sakamako a ɗaya harshen. Haruffan Larabci kuma sukan warwatse su rabu da juna in an buɗe aikin a kwamfutar da ba ta da irin rubutun da aka yi amfani da shi, kamar yadda ƙ da ɗ da ɓ na Hausa suke komawa akwatuna.

Wannan ya kawo mu ɗakin bugu, inda aikin wata guda kan lalace cikin minti goma. A kai wa mai bugu PDF da aka kulle haruffansa a ciki, ba ainihin fayil ɗin PowerPoint ba. A saita girman shafin tun farko. PowerPoint yana karɓar har inci 56, wanda ya ishi A0. Hoton da aka kwafo daga WhatsApp an riga an matse shi, in aka faɗaɗa sai ya dushe, don haka a nemo na asali. Launin da ke haske a fuskar kwamfuta yakan fito da duhu a takarda, shuɗi mai duhu ya koma kusan baƙi, saboda haka baƙin rubutu a kan fari ya fi aminci, kuma kada bambancin jadawali ya dogara ga ja da kore kaɗai tunda akwai masu idon da ba ya rarrabe su. Takarda mai ƙyalli tana mayar da hasken fitila cikin ido. Fleks ɗin da ake buga tallan shaguna da shi yana jure ƙura amma yana da nauyi, kuma ƙananan haruffa ba sa fita sosai a kansa. Mai tafiya ta jirgi gara ya buga a yadi, ya naɗe cikin jaka. A garin da wuta ke ɗaukewa ba sanarwa, wanda ya bar bugu sai daren taro ya sayi wahala da kuɗinsa.

Wani zai ce wane ne ke zancen fosta bayan 15 ga Afrilu 2023, ranar da yaƙi ya ɓarke a Khartum, aka kwashe ɗaliban Nijeriya ta Masar da Port Sudan, aka wawashe jami'o'i, ita kanta cibiyar Soba ba ta tsira ba. Amsar ita ce masu binciken ba su daina aiki ba, sun watsu ne zuwa Alƙahira da ƙasashen Larabawa da gabashin Afirka, wasu ɗaliban kuma sun dawo jami'o'in Nijeriya. Wanda ya rasa ɗakin gwaji da ɗakin karatu ya fi kowa bukatar baƙo ya tsaya a gaban allonsa.

Ga ɗalibin da ke da taro a gabansa: kafin ka biya kuɗin A0, buga fostar a A4, ka miƙa wa abokin da ba fagenku ɗaya ba, ka ba shi daƙiƙa 30, ka karɓe, ka tambaye shi abin da ka gano. In ya kasa faɗa, koma ka rage rubutu.