Biki ba ango: alƙaluman rangadin Tubular Bells

A farkon shekarar 2023 wata ƙungiyar makaɗa ta zaga biranen Birtaniya tana kaɗa Tubular Bells daga farko har ƙarshe, domin bikin cikar faifan shekara 50 da fitowa. Jama'a sun sayi tikiti, sun zo sun zauna. Mai faifan kuwa, Mike Oldfield, ko sau ɗaya bai taka dandamalin ba. Yana can gidansa a tsibiran Bahamas, kuma a wannan shekarar ce aka sanar cewa ya jingine sana'ar kiɗa. Wanda ya ja ragamar rangadin shi ne Robin A. Smith, tsohon abokin aikinsa da suka daɗe tare tun shekarun 1990. To me zai sa mutum ya biya kuɗi ya je bikin da ya san ango ba zai halarta ba? Alƙaluma kaɗan ne ke ɗauke da amsar.

Faifan ya fito ranar 25 ga Mayu, 1973, kwana 10 bayan Oldfield ya cika shekara 20, wato yana ɗan shekara 19 ya naɗe shi. Shi ne faifai na farko da kamfanin Virgin Records na Richard Branson ya fitar, bayan wasu kamfanonin sun saurara sun ce ba za su iya sayar da kiɗan da babu mai rera waƙa a cikinsa ba. Tsawonsa kusan minti 49 ne, kashi biyu: na farko minti 25 da 'yan kai, na biyu minti 23. Ba hikima ce ta raba shi haka ba, faifan garmaho ne ya tilasta, domin fuska ɗaya ba ta ɗaukar abin da ya wuce haka da yawa. Salon kiɗan shi ne rok mai dogon zango, irin wanda ya yi tashe a Ingila a shekarun 1970.

Abin da ya bambanta faifan shi ne yawan hannayen da suka yi aikin. Kusan dukkan kayan kiɗan, jitoci iri-iri, fiyano, ogan, da ƙararrawar bututun ƙarfe da ta ba faifan sunansa, Oldfield ne ya kaɗa su shi kaɗai a situdiyon The Manor da ke yankin Oxfordshire. Na'urar naɗin tana da layi 16. Sai ya kaɗa jita a layi ɗaya, a mayar da tef baya, ya saurari abin da ya yi ya ɗora fiyano a layi na biyu, haka dai har layukan su cika. An daɗe ana yaɗa cewa irin wannan ɗori ya kai sau 274, amma Tom Newman, ɗaya daga cikin injiniyoyin da suka zauna da shi a ɗakin, ya ce bai wuce 70 zuwa 80 ba. Na fi karkata ga maganar wanda ya riƙe na'urar. Alƙaluman talla suna da halin kumbura idan sun kwana.

Ko ma nawa ne, matsalar da ta biyo baya a fili take: abin da mutum ɗaya ya tara a hankali a situdiyo, a kan dandamali sai an kaɗa shi lokaci guda. Tarihin wasannin Tubular Bells duka lissafi ne na hannaye nawa za a ɗauka, kuma wa zai biya su. Wasan farko an yi shi ranar 25 ga Yuni, 1973, a zauren Queen Elizabeth Hall na Landan, mai kujeru kamar 900. Sai da aka tara makaɗa da dama, har da Mick Taylor na ƙungiyar Rolling Stones. Oldfield, wanda tsoron taro ya dame shi a lokacin, ya so ya fasa, sai da Branson ya yi masa alkawarin motarsa ƙirar Bentley kafin ya yarda ya fito. A 1979 ya yi rangadinsa na farko a Turai da makaɗa da mawaƙa kusan 50, ya dawo da asara mai nauyi, sai faifan Exposed da aka naɗa a rangadin ne ya taimaka wajen cike giɓin. Mutum 50 na nufin ɗaki 50 a otal, kwanon abinci 50 sau uku a rana, da kujerar jirgi 50, ko zaure ya cika ko bai cika ba.

Can gefe ɗaya kuma akwai wasu 'yan Ostareliya biyu, Daniel Holdsworth da Aidan Roberts, da suka shirya wasan Tubular Bells for Two, inda su biyu kacal suke guje-guje tsakanin kayan kiɗa sama da 20 don su kaɗa faifan gaba ɗaya. Daga 1 zuwa 50 zuwa 2 ke nan. Ƙungiyar Smith tana tsakani, ƙarama ce ƙwarai idan an kwatanta da ta 1979, domin a yau madannin kiɗa guda mai kwamfuta a ciki yana fitar da sautin da a da sai an ɗauko mutum uku ko huɗu. Wannan raguwar ce ta sa rangadin ya zama abin da zai iya biyan kansa.

Sai masu sayen tikiti. A Birtaniya kaɗai faifan ya sami shaidar filatinam sau 9, kowace shaida kwafi 300,000, jimilla miliyan 2.7. A 1973 mutanen ƙasar kimanin miliyan 56 ne, wato kwafi ɗaya ga kowane mutum 21, ko da yake cinikin ya bazu ne cikin shekaru masu yawa. Adadin da ake ambata na duniya, miliyan 15, ƙiyasi ne, kada a riƙe shi da ƙarfi kamar na farko. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda faifan ya hau. Bai kai matsayi na 1 a jadawalin ciniki ba sai watan Oktoba na 1974, wata 16 bayan fitowarsa, kuma mako ɗaya ya yi a wurin. Wanda ya tunkuɗe daga saman ma ƙaninsa ne, Hergest Ridge, faifan Oldfield na biyu. Amma Tubular Bells ya yi mako 279 a cikin jadawalin, shekara 5 da wata 4 ke nan. Mako ɗaya a sama kowane faifai mai farin jini yana iya yi. Mako 279 na nuna kayan da aka riƙa saye a hankali, aboki ya ji a ɗakin aboki ya je ya nemi nasa. Fim ɗin ban tsoro The Exorcist, da ya fito a Disamba 1973 da ɗan guntun farkon kiɗan, shi ya buɗe masa kasuwar Amurka, inda ya kai matsayi na 3.

Ɗan shekara 18 da ya sayi faifan a 1973 ya cika 68 a 2023. Ya yi ritaya, yana da kuɗin tikiti, yana son kujera mai laushi da wasan da zai tashi da wuri. Shi ya sa ake yin waɗannan wasanni a zaurukan zama masu ɗaukar mutum dubu ɗaya ko biyu, ba a filin ƙwallo ba. Kuma wannan mai sauraro tun asali ba fuskar Oldfield ya sani ba, sauti ya sani. Bangon faifan hoton lanƙwasasshiyar ƙararrawa ne a kan teku, babu muryar mawaƙin da za a ce ta wani ba ta kai ba. Rashin angon bai rage armashin bikin sosai ba.

Sai dai minti 49 ba ya cika dare. Nan ne sauran faya-fayen gidan suke da amfani. Tubular Bells II sai da aka jira shekara 19 kafin ya fito, daidai da shekarun Oldfield lokacin da ya naɗi na farko, domin ya ƙi bai wa Virgin shi saboda saɓanin da ke tsakaninsu, sai da ya koma Warner. Ya fito ranar 31 ga Agusta, 1992, ya kai matsayi na 1, aka ƙaddamar da shi ranar 4 ga Satumba a harabar fadar Edinburgh gaban mutum kamar 8,000, Smith ne ma ya jagoranci makaɗan a daren. Na uku ya biyo baya a 1998, shi ma 31 ga Agusta, wasansa ma 4 ga Satumba, a Horse Guards Parade na Landan cikin ruwan sama, ya tsaya a matsayi na 4. Idan an haɗa ukun, minti 49 da kusan 59 da 46, an haura awa biyu da rabi. Akwai wadatar abin zaɓa, ga kuma waƙarsa "Moonlight Shadow" ta 1983 da ake sakawa don masu son jin murya.

Akwai taruka biyu da ya kamata a yi hattara da alƙalumansu. Taron Berlin na daren shiga shekarar 2000, inda Oldfield ya kaɗa faifansa The Millennium Bell gaban mutanen da aka ƙiyasta sun kai 500,000, taron sabuwar shekara ne, da shi da babu shi za su fito. Haka ma bikin buɗe gasar Olamfik ta Landan ranar 27 ga Yuli, 2012, inda nan ma ya yi kiɗa. Mutum 8,000 na Edinburgh sun fi kusa da ainihin girman kasuwar.

Ita kanta lambar 50 ɗin an ci moriyarta sau biyu. A watan Agusta na 2021 an yi bikin shekara 50 a Royal Festival Hall, har da 'yan wasan tsalle-tsalle, bisa hujjar cewa a 1971 Oldfield ya fara tsara kiɗan. Bayan shekara biyu aka sake wani bikin na 50, wannan karon na fitowar faifan. Ban ga laifinsu ba, kowa da ranar da yake ƙirga haihuwa.

Faifai na huɗu a jerin kuwa bai kammalu ba. Oldfield ya fara Tubular Bells 4 a 2017 ya ajiye, kuma abin da ya fito daga cikinsa, a bugun cika shekara 50 na 2023, gabatarwa ce ta minti 8.