Ƙanƙara a Kan Waifa: Darasin da Direbobinmu Ke Koya a Ƙasashen Sanyi

Tuƙi na cikin sana'o'in da ke ciyar da 'yan'uwanmu masu yawa a ƙetare. A unguwar Bronx ta New York, inda Hausawan zangunan Ghana suka yi kaka-gida, da Harlem inda 'yan Nijar suka daɗe suna fatauci, da Columbus ta jihar Ohio, da Toronto da Montreal a Kanada, da Hamburg ta Jamus, za ka tarar da matasanmu suna tuƙa motocin rarraba kaya irin su Ford Transit da Mercedes Sprinter. Da yawansu sun iya tuƙi tun daga gida, wasu ma sun yi shekaru a kan hanyar Kano zuwa Maraɗi ko Kumasi zuwa Tamale. Amma da zarar Disamba ta kama, sai wani abu da ba su taɓa ɗauka da muhimmanci ba ya tsaya musu a gaba: waifa.

A gida waifa kayan damina ce. Idan ruwa ya ɗauke sai a manta da ita har wata damina, robarta ta bushe a rana babu wanda ya damu. A ƙasashen sanyi kuwa ita ce idon direba. Matsalar tana farawa ne daga hita. Direba ya kunna ta don gilashin gaba ya yi ɗumi, dusar ƙanƙara ta sauka a kai ta narke, waifa ta kwashe ruwan. To amma ita waifar a waje take, cikin iskar da ke bugun mota mai gudu, don haka ruwan da ta kwaso sai ya sake daskarewa a jikinta. Yana taruwa a gaɓoɓin ƙarfenta har ta sandare ta kasa lanƙwasa ta bi gilashi, sannan ya yi ƙulli a bakin robar ya ɗaga ta sama. Daga nan tana ta kai da kawo amma ba ta share komai, sai dai ta shafe gilashin da laka da gishirin da ake zubawa a kan tituna. A motar kaya abin ya fi muni, domin gilashinta babba ne, waifarta doguwa, kuma ƙasan gilashin inda take kwanciya ba kasafai ɗumin hita ke isa wurin sosai ba. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa uku na rashin gani, mita 75 ke nan an yi su a makance.

Abin da ya fi damuna shi ne wasu ɗabi'un da muka taho da su daga gida, waɗanda can ba su da laifi amma nan suna iya jawo asara. Na farko shi ne zuba ruwan famfo a tankin wanke gilashi, wani lokaci da ɗan garin sabulu. Ruwa yana daskarewa a digiri 0, ya toshe bututu, har yana iya fasa tankin ko ya lalata famfonsa. A Kanada ruwan wanke gilashi na hunturu da ake sayarwa a gidajen mai yawanci an rubuta a jarkarsa cewa yana jure sanyi har digiri 40 ƙasa da sifili, wasu ma fiye. Akwai kuma na bazara, wanda ba ya jure komai, kuma wanda bai karanta jarka ba yana iya ɗaukar wannan a madadin wancan. Idan akwai ragowar na bazara a tanki, a fesar da shi ya ƙare kafin a zuba na sanyi, domin gauraya su tana rage ƙarfinsa. Sannan a kiyaye: wanda ake sayarwa a Amurka da Kanada yawanci yana ɗauke da sinadarin methanol, guba ce mai makantarwa har da kisa, ga shi da launin shuɗi mai jan hankalin yara. Kada a juye shi a gorar ruwan sha, kada a ajiye shi inda ƙaramin yaro zai kai hannu.

Na biyu shi ne ruwan zafi. Mutum ya fito da asuba ya tarar gilashi ya daskare, ga buta a kusa, sai ya ga ai shi ke nan. Gilashin da ya kwana cikin tsananin sanyi idan ruwan zafi ya taɓa shi yana iya tsagewa, musamman in da ma akwai ɗan tabon tsakuwa a jikinsa. Na uku kuma kunna waifa alhali tana manne da gilashi: roba ta yage, ko fis ya ƙone, ko injin waifar ya mutu. Shi ya sa tsofaffin direbobi ke kashe waifa kafin su kashe mota, don kada ta tashi da kanta da safe.

Maganin bai da tsada idan aka kwatanta da abin da yake karewa. Akwai waifar hunturu wadda aka lulluɓe ƙarfenta da roba don ruwa kada ya shiga gaɓoɓi, akwai kuma wadda ba ta da gaɓoɓin ma sam, falle ɗaya ce mai lanƙwasa. Wasu motocin, ciki har da wasu nau'o'in Transit, suna da gilashi mai siraran wayoyin lantarki a ciki da ke narkar da ƙanƙara, kuma ba mamaki direba ya yi wata yana tuƙa motar bai san amfanin maɓallin ba. Kafin a tashi, a kankare gilashin gaba ɗaya da makankari, a ɗaga waifa a murje ƙanƙarar jikinta da hannu, sannan a kwashe dusar da ta taru a ramin da ke tsakanin bonet da gilashi, domin ta nan iska ke shiga hita. A juya iskar hita zuwa gilashi, a kunna esi tare da ita don ta busar da raɓar ciki, a kashe maɓallin da ke maimaita iskar cikin mota.

Akwai wata dabara ta direbobin manyan motoci da ke ba sabon zuwa mamaki. Idan sanyi ya tsananta ƙwarai, dusar tana saukowa a bushe kamar garin gero. A irin wannan yanayi sukan mayar da ɗumin hita zuwa ƙafafu su bar gilashi da sanyinsa, sai dusar ta riƙa bugunsa tana wucewa ba tare da ta narke ba, waifa ma ba ta da aiki. Amma idan dusar mai laima ce, ko ruwan sama ne ke daskarewa da zarar ya sauka, to sai a ƙure hita a kan gilashi. Gane bambancin nan sai wanda ya ga hunturu da yawa. Batun ɗaga waifa sama idan an ajiye mota da dare kuwa, direbobi sun rabu: wasu na yi don kada ta manne, wasu na tsoron iska ta maka ta a gilashi. A ganina shimfiɗa mayafin gilashi ya fi duka biyun.

Hukumomi ma ba sa wasa da wannan. Dokar hanya ta Birtaniya ta wajabta wa direba share dusa da ƙanƙara daga dukkan tagogi kafin ya tashi. A Jamus ana cin tarar wanda ya kankare ɗan ƙaramin wuri kawai yana leƙe ta ciki, kuma an hana barin inji yana aiki a tsaye don a ɗumama mota. Jihar New Jersey tana cin tarar wanda bai share dusar saman motarsa ba. Ga wanda takardun zamansa ba su gama daidaita ba, ko wanda iyali a Zinder ko Accra ke jiran abin da zai aiko a ƙarshen wata, haɗari ɗaya ko tabo a lasisi ba ƙaramin abu ba ne.

Kuma a nan ne nake ganin gaskiyar matsalar take. Mai rarraba kaya agogo ne ke korarsa, ga ɗimbin ƙunshi da dole ya sauke kafin dare. Idan waifa ta fara daskarewa, tsayawa yana yi masa kamar asara, sai ka ga ya zuro hannu ta taga yana ƙoƙarin cafko ta ya buga a gilashi alhali mota na tafiya. Wannan ganganci ne. A nemi wuri mai aminci a tsaya, a kunna fitilun gargaɗi, a sauka a share. Babu kayan da darajarsu ta kai ran mutum, kuma motar kamfani da waifarta ta lalace haƙƙin direba ne ya ce a canza kafin ya fita da ita.

Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ƙungiyoyinmu da masallatanmu na ƙetare sun iya tarbar sabon zuwa, su nema masa ɗaki, su haɗa shi da aiki. Ina roƙon shugabanninsu da tsofaffin direbobinmu su ƙara da wannan: kafin Nuwamba ta ƙare, a tara sababbin direbobi a wurin ajiye motoci, a buɗe bonet, a nuna musu tankin, a karanta musu jarka, a sa kowa ya cire waifa ya mayar da hannunsa.