Koyo Ta Hanyar Hidima: Yadda Tausayi Ke Shiga Zuciyar Ɗalibi

Ɗalibin ƙaramar sakandare yakan haddace ma'anar tausayi, ya rubuta ta a jarrabawa, amma gani ya kori ji. Shi ya sa masana tarbiyya suka fito da tsarin koyo ta hanyar hidima, inda ake haɗa darasin aji da aikin taimakon jama'a. A shekarar 1992 jihar Maryland ta Amurka ta wajabta wa kowane ɗalibi hidimar sa'o'i 75 kafin ya kammala sakandare.

A ƙasar Hausa abin yana da tushe. Akwai aikin gayya, akwai uwar ɗakin da ke ajiye wa almajirinta tuwo, ga kuma kwamitin zakka na Masarautar Dutse da ke tara hatsi yana raba wa mabukata. Su mabukatan kuwa ba su da nisa. Ambaliyar 2022 ta raba dubban mutanen Jigawa da gidajensu, wasu suka fake a azuzuwan makarantu. Da hunturu kuma, a Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu, ana ganin yara suna kwana a zauruka da bakin shaguna, ƙafafunsu duk faso.

Aikin hidimar yana da matakai uku. Da farko malami da ɗalibai su bincika dalilin rashin muhalli: talauci, ambaliya, mutuwar iyaye, taɓin hankali. Sai su nemi izinin iyaye da na alaramman tsangaya, su kai wa almajiran barguna da sabulu da man shafawa. Mataki na uku shi ne bita a aji, kowa ya faɗi abin da ya gani.

Tausayi yana shiga ne a lokacin zama tare. Yarinya 'yar shekara 13 da ta miƙa wa sa'anta rigar sanyi, ta ji sunansa da garinsu, ta ji yaushe rabonsa da mahaifiyarsa, ba za ta sake kiransa «kai almajiri» ba. Wajibi ne malami ya tsare mutuncin wanda aka taimaka: ba ɗaukar hoto, ba gori. Kuma ziyarar ta zama ta kowane zango, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.