Hawan Dutsen Bagazam a Ƙasar Azbin: Nasiha ga Matafiya

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kwanakin baya wani tsohon almajirina ya zo yi mini sallama, wai za su tafi Agadas shi da abokansa neman abin kansu, kuma in sun sami sarari za su shiga duwatsun Azbin su kwana biyu su buɗe ido. Na tambaye shi ruwa nawa ya yi shirin ɗauka, wa kuma zai ja su. Sai ya yi murmushi ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai na sha hawa Kufena." Wannan magana ta hana ni barci, domin ni ma irinta na tafi da ita a zuciyata a shekarar 2005, kuma da ba domin wani dattijon Buzu ba, da wataƙila ba ni ne ke rubuta wannan ba. Ina so in bayyana muku abin da na gani, ko Allah ya sa wani ya amfana.

Fasali na farko, a kan ƙasar

Ku sani Azbin ba baƙuwa ba ce gare mu. Daga Kano mutum zai bi ta Damagaram, ya wuce Tanut, ya isa Agadas, inda hasumiyar masallacin ƙasa take tsaye mita 27. An fara gina ta wajen 1515, aka sāke gina ta a 1844. Gobirawa suna cewa daga Azbin kakanninsu suka gangaro kudu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Ayarin Buzaye kuwa ya daɗe yana ɗauko gishirin Bilma yana kawo shi ƙasar Hausa a musanya da gero da tufafi, har a birnin Kano akwai unguwar Agadasawa. Tare da irin wannan ayari ne Bature Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya baro Azbin a ƙarshen 1850, ya shiga Kano a farkon 1851.

Arewa da gabas da Agadas duwatsu suke farawa, baƙaƙe ƙirin, a tsakiyar hamada. Daga cikinsu akwai Bagazam, wanda dokin nan mai daraja ya sami suna daga gare shi. Bagazam tudu ne shimfiɗaɗɗe a bisa, tsawonsa kimanin kilomita 40, faɗinsa kimanin 20, gefensa kuwa a miƙe kamar ganuwa. Ƙololuwarsa, wadda Buzaye ke kira Idukal-n-Tagas, ta kai mita 2,022, babu wurin da ya fi ta bisa a duk ƙasar Nijar. Ruwan da ke sauka a Agadas a shekara guda bai kai wanda ke sauka a ƙasarmu a watan Agusta kaɗai ba. Wannan ita ce maganar da ya kamata matafiyi ya fara haddacewa. Mu mutanen fadama ne da rake, duk ƙauyen da ka shiga akwai rijiya, duk gidan da ka yi sallama za a miƙo maka moɗa. Saboda haka idonmu bai iya karanta waccan ƙasa ba.

Fasali na biyu, a kan hawa

Na tafi ne cikin hunturu tare da wani aminina falke, mai kai mazarƙwaila da barkono arewa. Daga Agadas muka shiga mota zuwa Tabelot, garin masu noman albasa da ke gindin dutsen. A can mai masaukinmu ya haɗa mu da wani dattijo, baƙin rawani, siriri kamar sanda, yana jin Hausa sarai. Ba ya karatu ko rubutu da harufan da muka sani, amma duk wani kwazazzabo da maɓuɓɓuga na wannan dutse yana cikin kansa. Madugu muke ce masa.

A lokacin mota ba ta hawa, sai ƙafa da jaki. Muka tashi bayan sallar asuba, sanyi yana yanka fuska. Hanya ta bi cikin wani kwazazzabo, dutse dama, dutse hagu, sama ta zama kamar ƙyalle shuɗi da aka shanya. Ni da aminina muka sa ƙarfi, muka wuce jakuna, muna ganin dattijon yana jan ƙafa. Bai ce mana kome ba. Kafin hantsi ya dubi ludayi gwiwoyina sun fara rawa, numfashi yana sarƙewa, ga shi ya zo ya wuce mu da takunsa ɗaya da ya fito da shi tun daga gida, bai ƙara ba, bai rage ba. Ya ce, "Malam, dutse ba a yi masa gudu. Ka bi bayan jaki, ya fi ka sanin inda za a sa ƙafa." Daga nan na gane gaskiyar masu iya magana, sannu ba ta hana zuwa.

Da rana ta take tsaka ya tsai da mu ƙarƙashin wani dutse mai inuwa, ya ce babu motsi sai ta karya. Haka al'adarsu take, ko da hunturu ne: tafiya da sanyin safiya da na yamma, hutawa da tsakar rana. Guzurinsu kuwa gumbar gero ce da aka daka da dabino da cuku, a dama da ruwa a sha. Tana riƙe ciki, tana kashe ƙishi, ba ta bukatar wuta.

Fasali na uku, a kan ruwa

A nan ne na ji kunyar da har yau ban manta ba. Lokacin azahar ya yi, na kwance salka, na tsiyaya ruwa a buta zan yi alwala kamar yadda na saba a ƙofar makarantata. Sai Madugu ya riƙe hannuna a hankali ya ce, "Malam, kai ne mai littafi, ni jahili ne. Amma maɓuɓɓugar da ke gaba, bara na tarar da ita a bushe. In yau ma haka take, wannan butar ita ce tsakaninmu da gobe." Shekara nawa ina karantar da yara babin taimama a Ahalari da Risala, ina gaya musu cewa wanda ya ji tsoron ƙishirwa ga kansa ko abokin tafiyarsa ko dabbarsa, an yi masa sauƙi ya bugi ƙasa. Na san hukuncin, amma ban san wurinsa ba sai da wanda bai taɓa riƙe allo ba ya nuna mini. Na mai da ruwan cikin salka, na yi taimama a kan dutse.

Ga abin da ya kamata a kiyaye. Mai tafiya a ƙasa a hamada kada ya ƙiyasta wa kansa ƙasa da lita 4 ko 5 a yini, da bazara kuwa abin ya wuce haka nesa. Iskar can busasshiya ce, gumi yana bushewa tun bai jiƙa riga ba, sai mutum ya zaci ba ya rasa kome alhali jikinsa yana ƙafewa. Kada ya jira ƙishi, ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. In ruwansa ya kai rabi bai isa inda ya nufa ba, ya juya, babu abin kunya a ciki. Alamun haɗari su ne ciwon kai, da jiri, da fitsari kaɗan mai duhu. In mutum ya fara sambatu ko ya rikice, to, abin ya kai ga rai: a kai shi inuwa, a jiƙa tufafinsa, a yi masa fifita, in yana iya haɗiya a ba shi ruwa lita 1 da aka sa wa sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali.

Kada wani ya ɗauka tsoratarwa ce kawai. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace. Mafi yawansu mata ne da yara, da yawa daga ƙasar Kance, masu harshe ɗaya da mu. Ƙishirwa ce ta kashe su. Allah ya jiƙansu.

Fasali na huɗu, a kan zango

Washegari, bayan mun kwana a wani ƙauye a bisa tudun, inda muka ga garake na tafarnuwa da dankalin Turawa ana ba su ruwan maɓuɓɓuga, muka gangaro ta wata hanya. Magariba ta riske mu a bakin wata busasshiyar ƙorama mai farin yashi, ga itatuwa jere, ga laushi kamar katifa. Na shimfiɗa buzuna nan take. Madugu ya kira ni, ya ɗaga sandarsa ya nuna mini reshen wata bagaruwa. Na ga ciyayi da karmami sun maƙale a can, sama da inda hannuna zai kai. Ya ce, "Wa ka ke tsammani ya rataya su?"

Bayanin abin shi ne, duwatsun nan tsirara suke, ba su da ƙasar da za ta sha ruwa. In hadari ya zuba a can bisa, duk ruwan sai ya taru a kwazazzabai ya gangaro gaba ɗaya, yana turo duwatsu da itace, ya iske wanda ke kwance a ƙorama alhali ko ɗigo bai sauka a kansa ba, taurari ma yake gani. Na ce masa ai yanzu hunturu ne. Ya ce shi bai taɓa kwana a ƙorama ba, rani ko damina, domin abin da mutum ya saba da shi ranar lafiya shi zai yi ranar wahala. Muka kwashe kaya muka hau tudu, muka kwana a kan tsakuwa. Shekara huɗu bayan haka, a farkon Satumba na 2009, ƙoramar Telwa ta fasa madatsarta da dare ta shiga birnin Agadas, ta rushe dubban gidaje. Da labari ya zo mini, reshen bagaruwar nan na fara tunawa.

Sauran ladubban zango kaɗan ne. A sauka tun da sauran haske. Kada a kwana daf da ruwa, domin dabbobin makiyaya da na dawa su sami sha, kuma kada a sa sabulu ko a wanke ƙafa a kwarmin dutsen da mutane ke sha. A tsinci busasshen itace, kada a sari ɗanye, gama itacen da ka sare cikin minti biyar ya fi ka shekaru. A kakkaɓe takalmi da bargo saboda kunama, kada a cusa hannu a ƙarƙashin dutse saboda maciji. A tafi da bargo mai kauri, domin a bisa dutsen sanyin hunturu yakan kai ruwa ya daskare. Ni dai daren nan ban runtsa sosai ba, amma ban yi da-na-sani ba, gama ban taɓa ganin taurari sun kusanto ƙasa haka ba, kuma shirun wurin har yana da nauyi a kunne.

Fasali na biyar, a kan halin da ake ciki

Azbin da na gani a 2005 ba ita ce ta bayanta ba. An yi tawaye daga 2007 zuwa 2009, aka binne nakiyoyi a waɗansu hanyoyi. Daga 2014 aka sami zinariya a Jado da waɗansu wurare na arewa, jama'a suka yi ta kwarara, 'yan fashi suka biyo su. A 2025 ma an sace baƙi a cikin garin Agadas kansa. Saboda haka wanda zai tafi ya fara tambayar hukuma da mutanen gari halin hanya a makon da zai tashi, ya riƙe takardunsa, ya nemi ɗan ƙasa amintacce ya ja shi, ya biya shi haƙƙinsa ba tare da ƙwauro ba. Ya gaya wa mai masaukinsa inda ya nufa da ranar da zai komo. Kada ya dogara ga waya, domin a cikin kwazazzabai ba ta kamawa. In mota ta lalace, kada a watse cikin rana neman rijiya, a zauna a inuwarta, gama mota ta fi mutum saurin ganuwa ga masu nema.

Ban rubuta wannan don in hana kowa tafiya ba. Tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma kakanninmu fatake sun ratsa wurin nan da ƙafa. Amma ba su taɓa ratsa shi babu madugu ba. Mu malamai mun san ba a ɗaukar karatu daga takarda kaɗai sai an durƙusa gaban mai shi, to, hamada ma haka take. Almajirin nan nawa na karanta masa abin da na rubuta, na kuma ba shi tsohuwar salkata. Ya yi alkawari ba zai shiga dutse ba sai da ɗan ƙasa a gabansa. Ina roƙon masu karatu su sa shi a addu'a, shi da abokan tafiyarsa.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya. Haza wassalam.

Daga wani malamin makarantar allo, Hunƙuyi, ƙasar Kudan.