Yadda Ake Kyafa Nama A Waje Cikin Tsananin Sanyi A Amurka

A jihohin arewacin Amurka irin su Minisota da Wiskonsin, sanyin watan Janairu kan kai digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Duk da haka, masu sha'awar kyafaffen nama ba sa dakatar da aikinsu a bayan gidajensu. Sai dai a irin wannan yanayi, babban ƙalubalen shi ne riƙe zafin wuta daidai, kuma sakaci a nan kan jawo ciwo, har ma da asarar rai.

Wannan girki ya bambanta da gashin tsire ko balangu. Ba a ɗora naman a kan garwashi kai tsaye. Ana sanya shi ne cikin rufaffen murhun ƙarfe, hayaƙi da zafi suna ratsa shi a hankali, tsakanin digiri 107 zuwa 121. Ƙirjin sa kan ɗauki awa 12 ko fiye, har jijiyoyinsa su narke, naman ya yi laushi.

A lokacin sanyi, jikin murhun yana zubar da zafi da sauri, iska kuma tana ƙara kwashe shi. Saboda haka gawayi yana ƙarewa da wuri, lokacin girki yana tsawaita. Masu wannan aiki kan kafa murhun a inda iska ba ta bugawa, su lulluɓe shi da bargon da wuta ba ta ci, su tanadi ƙarin gawayi da busasshen itace. Sukan kuma guji yawan buɗe murfi, domin kowace buɗewa tana fitar da zafin da aka daɗe ana tarawa. Maimakon haka, sai su soka ma'aunin zafi mai waya a cikin naman, suna karantawa daga waje.

Haɗari na farko shi ne na ƙwayoyin cuta. Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta bayyana cewa suna hayayyafa da sauri tsakanin digiri 4 zuwa 60. Idan wuta ta yi rauni, naman ya daɗe a wannan mataki, zai iya gurɓata. Don haka ba a sanya daskararren nama sai ya saki gaba ɗaya, kuma dole ne zafin cikin naman kaza ya kai digiri 74.

Haɗari na biyu ya fi muni. Wasu, don gudun sanyi, kan shigar da murhun cikin gareji. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana kisa a rufaffen wuri. Wannan gargaɗi ya shafi masu shiga ɗaki da kaskon wuta a lokacin hunturu a ƙasar Hausa: duk tsananin sanyi, kada a rufe ƙofa da taga a kan garwashi.