Waya a Aljihu, Malam a Gaban Allo

Kafin ƙarfe takwas na safe 'yan Adaidaita Sahu sun gama sauke ɗalibai a ƙofar wata kwalejin koyon aikin lafiya da ke Gyaɗi-Gyaɗi a Kano, kusa da titin Zariya. Kowa da farar rigarsa, kowa da wayarsa. Kasuwar waya ta Farm Centre tana nan kusa, don haka mai sabuwa da mai ta-hannu ba wanda ya rasa.

Dokar makarantar a baki take: idan malam ya shigo, a kashe ƙarar waya a sa a jaka. Aiki da dokar ne ke da wuya, domin wayar ita ce littafin. Ta WhatsApp shugaban aji ke turo takardun darasi da sanarwar canjin lokacin lacca, kuma ɗaukar hoton allo ya fi kwafa sauri. Sai dai daga nesa malam ba ya bambance mai duba hoton ƙashin haƙarƙari da mai kallon TikTok. Wani malamin kan karɓe wayar sai an tashi, wani ya kori mai ita waje, wani ya kau da kai.

Ɗaliban ma suna da ƙorafi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: akwai malamin da zai tsawatar, can tasa ta yi ƙara, ya fita baranda ya bar aji yana jira. Daga ranar dokar ta mutu a ajinsa.

A zauren jarrabawa kuwa babu sassauci. Waɗannan yara sun san haka tun daga JAMB, wadda ba a shiga da waya. Wanda aka kama, shi da kwamitin ladabtarwa.

Abin da ya fi damun tsofaffin malamai shi ne gobe. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan maƙwabta, kuma irin waɗannan wurare ɗaliban ke burin aiki. Wanda ya saba latse-latse malam na magana, zai yi majinyaci na magana. Wanda ya ɗauki malami bidiyo ba izini, hoton mara lafiya ba zai yi masa nauyi ba, alhali cin amana ne.

Hana waya gaba ɗaya ba zai yiwu ba. A rubuta dokar, a fayyace lokacin amfani da waya, sannan dokar ta hau kan malam kafin ta hau kan ɗalibi.