Agadas, Birnin Hamada, da Sana'o'in Mutanensa

Wanda ya saba cin kasuwar Gwarzo ko ta Getso da rani ya san kantun gishiri da dabino, ya kuma san Abzinawa masu naɗe fuska da baƙin rawani. Yawancin kayan nan daga arewa su ke fitowa, ta hanyar wani birni wai shi Agadas. Bari mu ba ku labarinsa, ku ga yadda mutane ke neman abinci inda gero ba ya yi.

Inda garin ya ke

Agadas tana cikin ƙasar Nijar, a gindin duwatsun Abzin. Daga Kano sai a bi ta Damagaram, tafiyar wajen kilomita 700. Ruwan da ta ke samu a shekara bai kai rubu'in na ƙasar Kano ba. Saboda haka ba noma ya kafa ta ba, hanya ce. Nan ayarin arewa da na gabas da na ƙasar Hausa ke gamuwa. Tun ƙarni na 15 Sarkin Abzin ya zauna a cikinta. Masallacinta na ƙasa an gina shi wajen 1515, aka sabunta shi a 1844. Hasumiyarsa mita 27 ce, matafiyi ya kan hango ta tun da nisa. Ko da ya ke garin Abzinawa ne, Hausa a ke ji a kasuwa da unguwanni. A birnin Kano ma akwai unguwa mai suna Agadasawa.

Fataucin gishiri

Da kaka, wajen watan Oktoba, ayari ya kan tashi daga Abzin zuwa Fashi da Bilma. Tsakaninsu akwai rairayin Tenere, inda a kan yi kwanaki ba rijiya, ba inuwa. Don haka raƙumi ya kan ɗauki ciyawarsa da kansa, madugu kuwa ya bi rana da taurari. Su kan kai gero, su sayo dabino da gishiri iri biyu: beza na miya, da kantu na dabbobi. Tafiya da komowa ta kan ci fiye da wata guda.

In sun huta sai su gangaro kudu, su sayar da gishiri, su sayi gero da tufafi. Manomi ya kan bar su su sauka a gonarsa, gama kashin raƙumi taki ne. Kun ga ashe geron da ku ke nomawa yana iya zama tuwon mutumin Bilma. Baƙin rawanin nan mai walƙiya kuma, turkuɗi, a Kura ta ƙasar Kano aka fi rina shi a buge shi. Yanzu manyan motoci sun karɓe rabo mai yawa na cinikin nan, amma ayarin raƙuma bai ƙare ba.

Maƙera da dukawa

Sana'ar da ta fi fitar da sunan Agadas ita ce ƙirar azurfa. Gado ce, ɗa ya kan koya wurin ubansa. Abin wuyan da su ke yi, wanda Turawa ke kira giciyen Agadas, ga yadda a ke ƙera shi. Da fari maƙeri ya siffata shi da kakin zuma. Sa'an nan ya lulluɓe kakin da yumɓu, ya bar 'yar ƙofa, ya sa a wuta. Kaki ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa. Sai ya zuba narkakkiyar azurfa cikin gurbin. In ta huce ya fasa yumɓun, ya goge da magagari, ya yi zane da ɗan ƙarfe mai tsini. Tun da ya ke dole a fasa yumɓun, kowane ɗaya sai an sake masa sabon kaki. Abin da ya sa ke nan da wuya a sami biyu da suka yi daidai sak.

Mazan gidan maƙera su ne kuma ke yin takobi da sirdin raƙumi. Matansu kuwa su ke aikin fata: jakunkuna da matasan kai masu tuntaye da launi iri iri.

Abinci

Abincinsu ya dace da tafiya. Akwai cuku, watau madarar da aka daskarar aka shanya, wanda ya kan daɗe bai lalace ba. A kan daka shi da gero da dabino, a dama kamar fura, mutum ya sha ya wuni bisa raƙumi. Akwai wata gurasa da su ke kira tagella, wadda a ke binnewa cikin rairayi mai zafi da toka har ta gasu. Shayi kuwa sau uku a ke zuba wa baƙo, na fari da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi. Cikin kwaruruwan Abzin, kamar Timiya da Tabelot, ana noman rani da ruwan rijiya. Daga can albasa da tafarnuwa da dankalin Turawa da lemo ke shigowa kasuwa.

Bukukuwa

Babban bikin garin shi ne Biyanu, wanda a kan gama wajen goma ga watan Muharram, lokacin da mu ke Cika Ciki. Samari su kan rabu biyu, gabas da yamma, su ci ado, su zaga gari da tambura da rawa. A watan Satumba kuma makiyaya Abzinawa da Fulani su kan taru a Ingal, yamma da Agadas, dabbobinsu su sha ruwan gishiri. A irin waɗannan ranaku ne maɗinki da maƙeri da mai tsire ke samun cinikin da zai riƙe su watanni.

Abin da ke kashe kasuwa

Garin da hanya ta kafa, in hanya ta mutu ya kan sha wuya. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan da a da a ke ketare hamada da su suka koma bin teku. A 1916 Kawsan ya yi wa Faransawa tawaye ya kewaye barikinsu, da suka ci garin a 1917 mutane da yawa suka mutu ko suka watse. Daga baya masu yawon buɗe ido daga Turai suka riƙa zuwa, maƙera suka dogara gare su. Sai tawaye ya tashi a 1990, ya kuma tashi a 2007, baƙi suka ɗauke ƙafa, kaya suka yi kwantai. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya, amma suna kaɗai ba ya kawo mai saye. Waɗansu maƙera suka riƙa kai kayansu Yamai da waɗansu ƙasashe. Masu yi wa mutanen gari sirdi da kayan aure kuwa ba su rasa na tuwo ba.

To, ku masu sana'a a Masanawa da Kabo da kewaye, ku lura da abu biyu. Na ɗaya, kada mutum ya rataya abincinsa duka ga baƙo, ya manta da maƙwabcin da ke bukatar fartanya ko takalmi kowace shekara. Na biyu, ba abin da ke raya ciniki kamar zaman lafiya bisa hanya. Allah ya ba mu shi, mu da su baki ɗaya.